Makomar Dajin Yankari Tana Hannun Masu Raba Gonakin Gefensa

Duk wanda ya buɗe taswirar tauraron ɗan adam a wayarsa, ya nufi kudu maso gabashin garin Bauchi, zai gane Dajin Yankari ba tare da wani ya nuna masa ba, domin a wurare da dama iyakar dajin ta fito sarai. A ɓangare ɗaya duhun itatuwa ne, a ɗaya ɓangaren kuwa gonaki ne manne da juna, ga ƙyallin rufin kwano na ƙauyuka da tungaye a tsakaninsu. Abin da ya kamata ya tayar wa mai kallo hankali shi ne rashin wani fili da ya raba su biyun, ta yadda a wasu wuraren kunyar ƙarshe ta manomi tana ƙarewa ne daidai inda hurumin giwa ya fara. Na daɗe ina ganin cewa a kan wannan layin ne za a yanke hukuncin ko Yankari zai rayu ko zai bi sahun dazuzzukan da sunansu kawai ya rage, kuma masu yanke hukuncin ba su ne masu gadin daji ba. Masu unguwanni ne da dagatai da hakimai da shugabannin ƙaramar hukuma, waɗanda ke nuna wa mutum inda zai yi sassabe, da kuma 'yan siyasar da ke zaɓar inda za a haƙa rijiyar burtsatse.

Dajin yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, kuma faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. An keɓe shi a 1956, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991 ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, sannan a 2006, lokacin mulkin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, ya dawo hannun Jihar Bauchi. A 2014 jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS domin ta taimaka da sintiri da horar da masu gadi. Idan aka dubi waɗannan sauye-sauye da kyau, kowannensu amsa ce ga tambaya guda, wato wa zai riƙe cikin dajin. Ƙasar da ke kewaye da shi, wadda ta faɗa gundumomin Pali da Duguri da Gwana, an bar ta tana tafiya yadda hali ya yi, kuma ko shirye-shiryen da aka yi da sunan tallafa wa al'ummomin kewaye sun fi karkata ga gina aji ko haƙa rijiya fiye da zama a tsara wane fili ne na noma, wane ne na kiwo, wane ne kuma za a bari a matsayin daji.

A 1956 wannan sakacin bai da wata illa da ido zai gani, saboda dajin da ke wajen iyaka da wanda ke ciki kusan ɗaya ne, ƙauyuka kaɗan ne kuma sun yi nesa da juna, dabba tana iya fita ta yi tafiyar yini ba ta taka shuka ba. Ƙidayar 1963 ta ce mutanen Najeriya sun ɗan haura miliyan 55, ta 2006 ta ce sun kai miliyan 140, kuma a wannan ƙidayar Alkaleri kaɗai tana da mutane sama da 300,000. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara tana ninkawa cikin kimanin shekara 24, kuma tun 2006 ba a sake ƙidaya ba. Yaron da aka haifa a shekarar da dajin ya dawo hannun jiha ya riga ya kai munzalin neman gonarsa da ɗakinsa, gonar gandu ta mahaifinsa kuwa, idan aka raba ta tsakanin magada, abin da zai samu ba zai ciyar da shi da matarsa ba. A kan wannan kuma ga baƙi da ke gangarowa daga inda ƙasa ta gaji ko ta ƙare, ga waɗanda rashin tsaro ya koro daga garuruwansu, dukansu suna neman sabuwar ƙasa, sabuwar ƙasar da ta rage kuwa tana bakin daji.

Yana da kyau a tsaya a dubi yadda ake haifar tunga, domin a nan ne al'amarin yake. Mutum yakan zo wurin mai unguwa da goronsa da wanda zai tsaya masa shaida, ya ce yana neman inda zai noma abin da zai ci da iyalinsa. Mai unguwa, wanda a al'adarmu abin kunya ne ya mayar da baƙo hannu rabbana, kuma yawan jama'a ƙarin daraja ne ga sarautarsa, sai ya tafi da shi bayan gonakin gari ya nuna masa da baki, daga waccan kukar zuwa wancan kwarin. Da bazara baƙon zai yi sassabe, ya sare marke da taura, ya sayar da ƙirya ga masu gawayi, ya ƙone sauran, ya kafa bukka saboda gonar ta yi nisa da gari. Sabon sassabe ba ya buƙatar taki, don haka masarar shekarar farko ko riɗinta takan yi kyan da za a ba da labarinta har garinsu, kuma kafin damina ta zagayo ƙaninsa da surukinsa sun iso. Cikin 'yan shekaru gidaje sun kai goma, an kewaye masallaci da zana, mata na tafiya mai nisa neman ruwa. Idan zaɓe ya ƙarato ɗan takara zai haƙa musu rijiyar burtsatse, bayanta makarantar firamare ta biyo, sai rumfar zaɓe, sai a naɗa wa wurin nasa mai unguwa. Daga wannan ranar babu gwamnatin da za ta iya tayar da su ba tare da zalunci ba, kuma sabon mai unguwar shi ma zai karɓi nasa baƙin, ya nuna musu gaba.

Ban ga mai laifi ɗaya a cikin wannan jerin ba. Baƙon yunwa ce ta kawo shi, mai unguwa ya yi abin da ya gada, wanda ya haƙa rijiyar ya shayar da masu ƙishirwa. Amma idan aka tara waɗannan kyawawan niyyoyi a kan iyakar da tsawonta, ko da a ce dajin zagayayye ne, ya haura kilomita 160, abin da ake samu shi ne daji da aka yi wa zobe ta kowace fuska ba tare da wani ya taɓa zama ya ƙudurta hakan ba.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara, har zuwa hekta 500 idan don noma ne, ko hekta 5,000 idan don kiwo ne, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Ta kuma tanadi kwamitin da zai riƙa ba kowace ƙaramar hukuma shawara a kan rabon filaye. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ita ma ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin tsara karkara. To amma duk wanda ya san ƙauye ya san cewa mafi yawan gonaki ba su taɓa ganin takarda ba. Ana samun su ne ta gado da kyauta da aro da jingina da saye a gaban shaidu, kuma rajistarsu tana cikin kan dattawa. Dokar 1978 ta cire sarakunan gargajiya daga rabon ƙasa a rubuce, a aikace kuwa su ne ke rabon har gobe, sai aka wayi gari mai iko a takarda ba ya zuwa bakin daji, mai zuwa bakin daji kuma babu taswira a hannunsa, babu wanda ya taɓa ce masa ga inda zai tsaya. Jihohi da dama na Arewa sun kafa hukumomin rajistar filaye da kwamfuta, abin a yaba, sai dai aikinsu ya fi ƙarfi a filayen birni masu kawo kuɗin shiga.

Wanda ya fi kowa biyan kuɗin wannan rashin tsarin shi ne manomin bakin daji, kuma giwa ce ke karɓa daga hannunsa. Da rani dabbobin Yankari suna taruwa a fadamar kogin Gaji da ya ratsa dajin, shi ya sa masu ziyara daga sansanin Wikki suka fi ganinsu a wannan lokacin. Idan ruwa ya sauka, tafkuna suka cika ko'ina, sai garken ya watsu, kuma daidai lokacin da masara ta yi goyo, dawa ta fara fitar da kai, giwaye ke kaiwa bakin iyaka. Babbar giwa tana cin abin da ya kai kilo 150 a rana, abin da garke ke tattakewa kuwa ya fi abin da yake ci. Na taɓa tsayawa da hantsi a gonar dawar wani dattijo da giwaye suka kwana a cikinta. Karan duk ya kwanta ta fuska ɗaya, an tuge wasu da saiwarsu, sawu mai faɗin faifai ya nutse a cikin kunyoyi ruwa ya taru a ciki, kashinsu na nan tari-tari yana tururi da ƙwayar dawa a cikinsa. A gefe ga ragar itace da ya kafa yake kwana a kai, ga garwar da yake bugawa da tokar wutar da ya hura. Bai ɗaga murya ba, yana dai tafe yana ɗaga zangarniyar da ba ta karye ba yana duba ko za ta nuna, yana lissafa mini damin da ya saba samu a wurin da bakunan da ke jiransa a gida.

Mutumin da wannan ya samu, idan ba a biya shi diyya ba, ko aka rubuta sunansa aka tafi shiru, ba za a zarge shi ba idan ya daina ganin dajin a matsayin nasa. A bakin irin waɗannan manoma ne ake jin ana kiran dabbobin da na gwamnati, kuma wanda ya kai ga faɗin haka ba zai kai rahoton maharbin da ya kwana a garinsu ba. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu giwaye kusan 350 a Yankari, ƙiyasin 'yan shekarun nan kuwa yana tsakanin 100 da 150, kuma farautar haure ce ta cinye mafi yawan bambancin. Gaskiya ne sintiri ya yi amfani, domin daga tsakiyar 2015 an shafe shekaru ba a tsinci gawar giwar da aka kashe don haurenta ba, kuma wasu daga cikin masu gadin sun rasa rayukansu a wannan aikin, Allah Ya jiƙansu. An kuma ɗauki mutanen ƙauyuka da ke sanar da ma'aikata ta waya idan garke ya doso gonaki. Sai dai nasarar da kanta tana ɗauke da tambaya, domin idan giwaye suka ƙaru alhali gonaki na ƙara matsowa, karon da ke tsakaninsu ƙaruwa zai yi. Raƙumin dawa da kyarkeci sun riga sun ɓace daga dajin, zakunan da suka rage kuma 'yan ƙalilan ne, a ƙasar da ba a san suna da sauran mazauni ba sai nan da Kainji.

Makiyayi shi ma rashin tsarin nan ne ke tura shi cikin daji. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta fito tun 1965, kuma daga cikin makiyayu 415 da ake lissafawa a ƙasar, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar da su a doka, waɗanda aka tabbatar ɗin ma noma ya ci da yawansu. Burtalin da a da garke biyu ke wucewa a cikinsa ba su haɗu ba, yau a wurare da yawa ya zama siririyar hanya tsakanin gonaki, mashaya kuma an zagaye ta da lambu. Idan rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare a waje, Bafulatani na tsaye yana hangen koren fadamar Gaji, babu tarar da za ta hana shi gwada sa'arsa. Shigar shanu ba cin ciyawa kawai take jawowa ba. Ana sassaƙe rassan kawo don ganye, zaki na kama saniya a rama da guba a cikin mushe, cuta kuma na ƙetarawa daga dabbar gida zuwa ta dawa, kamar yadda cutar bushiya ta shanu ta yi wa ɓaunayen dajin ɓarna a annobar da ta ɓarke a 1983. Kama shanu da cin tara ba za su ƙare ba muddin ardo bai da wani wuri halastacce da zai nuna wa mutanensa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu shiga wannan matsalar, kuma akwai darasi a cikin kuskurensu da dabararsu. Gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, an yi masa garkuwa ta arewa da hurumin Tamou a 1962, domin ya tsaya tsakaninsa da gonaki. Bayan farin shekarun 1970, a 1976 gwamnati ta yanke kusan rabin Tamou ta buɗe shi ga noma domin ciyar da jama'a, a yankin da ake kira Ayinoma, mutane suka kwararo, kuma matsin da aka so a nisantar da shi daga W ya matso kusa da shi. Wannan ya nuna cewa filin tsakani da aka shata da umarni kawai, ba tare da an sama wa mayunwata wata mafita ba, fari ɗaya ya isa ya share shi. Daga baya, a 1993, ƙasar ta fitar da kundin dokokin karkara, wanda ya kafa kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye har zuwa na gunduma, inda mai gari da wakilan manoma da makiyaya da mata da ma'aikatan gwamnati ke zama tare. Su ne ke rubuta takardar shaidar kyauta ko aro ko sayen gona, su ke bin burtali suna kafa masa turakun siminti, kuma kowace shekara hukuma na tsayar da ranar sakin gonaki ga dabbobi bayan girbi. Tsarin yana da nasa raunin, musamman ƙarancin kuɗin aiki, amma ya yi abin da dokarmu ta 1978 ta ƙi yi, wato ya amince cewa mai gari ne ke raba ƙasa, ya sa shi a cikin tsari maimakon ya yi kamar babu shi.

Raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai, su ma abin lura ne. A 1996 guda 49 suka rage, kuma a cikin gonakin mutane suke yawo ba a cikin wani killataccen daji ba, amma da aka haɗa tsaro da amfanin da ƙauyuka ke samu daga masu ziyara da ƙungiyoyin agaji, sai da suka haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas aka kai gandun dajin Gadabeji. Na san raƙumin dawa ba giwa ba ne, abin da yake ɓatawa na wake bai kai na garken giwaye a dare ɗaya ba. Kuma harin da aka kai Kure a watan Agusta na 2020, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya tsayar da zuwan baƙi, abin da ke nuna haɗarin jingina zaman lafiyar daji da ƙauye a kan kuɗin yawon buɗe ido kaɗai. Abin da ya fi ɗorewa shi ne wanda manoman Maradi da Damagaram suka yi da hannunsu, wato sassaben zamani, inda ake barin tohon kututture a gona ana yi masa aski har ya zama itace. Da wannan aka maido da itatuwa a fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5, kuma matar da ke samun itacen girki a gonar mijinta ba ta da dalilin shiga gandun daji da gatari.

Abin da nake ganin ya dace da Yankari ba tayar da kowa ba ne. Ƙauyukan da suka kafu sun kafu, kuma duk tsarin da ya fara da rusau zai mayar da maƙwabtan daji abokan gabarsa, balle dokar 1978 ba ta biyan diyyar ƙasa ita kanta sai abin da aka gina ko aka shuka a kanta. Aikin farko shi ne a bi iyakar da ƙafa, masu safiyo tare da dagatai da ardo-ardo da sarakunan noma da na baka, a sabunta turaku, a kuma zana taswirar kowane ƙauye a gaban mutanensa, su nuna gonakinsu da saurukansu da burtalinsu da mashayarsu da hanyoyin da giwaye suka saba fitowa, domin babu masanin da ya fi su sanin waɗannan hanyoyin. Daga nan a yi yarjejeniya a rubuce cewa duk gonar da ke nan an tabbatar wa mai ita da takarda, amma daga wani layi da aka amince da shi zuwa bakin daji babu sabon sassabe, babu sabuwar tunga. Filin da ya rage a tsakani kada a mayar da shi haramtaccen wuri, a bar shi hurumin ƙauye, a riƙa yankan gamba da tsintar kaɗanya da ɗorawa da ɗaura amya a cikinsa bisa ƙa'idar da mutanen suka gindaya, domin filin da ke ba mutane abinci su ne za su fara kare shi. A gonakin da suka fi kusa da iyaka a ƙarfafa noman abin da giwa ba ta damu da shi ba, irin su barkono, a gwada shingen amya da aka jarraba a Kenya aka ga giwa na gudunsa, abincin da take so kuma a matsar da shi baya.

Amma abin da na fi ba muhimmanci shi ne wanda ba a cika ambata ba, wato inda gwamnati ke ajiye ayyukanta. Mutane suna bin ruwa da hanya da kasuwa da makaranta. Rijiyar da aka haƙa a sabuwar tunga a bakin daji gayyata ce ga gidaje hamsin masu zuwa, wadda aka haƙa a tsohon garin da ya ɗan yi nisa da iyaka, aka haɗa ta da asibiti da sakandare da hanya mai kyau da filayen gidaje da aka yanka, ita ma gayyata ce, sai dai zuwa wata fuskar. Ba ina cewa a bar mutanen tungayen da ke nan da ƙishirwa ba, haƙƙinsu ne a shayar da su. Ina cewa ne manyan ayyukan da ke jawo jama'a a riƙa tura su garuruwan da aka zaɓa da gangan domin su girma, kuma kafin a sa hannu a kan kwangilar hanya ko makaranta a gundumomin nan uku, wani ya buɗe taswira ya tambayi ina wannan aikin zai ja mutane nan da shekara ashirin. Wannan ba ya buƙatar bindiga ko kotu, kuma ba ya ƙara ko kwabo a kan kuɗin da dama za a kashe.

Akwai mai cewa wannan duk maganar masu ƙoshi ce, talaka na neman abinci ana yi masa zancen giwa. Ina ɗaukar wannan ƙorafin da muhimmanci, kuma amsarsa tana cikin lissafi. Idan aka buɗe Yankari gaba ɗaya aka raba, jama'ar da ke ninkawa cikin shekara 24 za ta cinye shi kafin jikokinmu su girma, sannan a koma inda aka fito, babu dajin babu sabuwar ƙasar, maɓuɓɓugan da ke ciyar da Gaji sun ja baya. Yunwar ƙasa ba ta da magani a sassabe, maganinta yana cikin sa gonar da ke hannu ta ba da ninkin abin da take bayarwa, ta hanyar taki da iri mai kyau da noman rani da malaman gona da ke zuwa gona da gaske. Haka kuma dole wani kaso sananne na kuɗin da ake karɓa a Mainamaji, babbar ƙofar shiga dajin, ya riƙa komawa ƙauyukan kewaye a bainar jama'a, a kuma kafa asusun diyyar ɓarnar giwa da za a riƙa biya kafin kaka ta wuce, ba bayan mutum ya sayar da akuyarsa ya sayi hatsi ba. Manomin da ke ciyar da giwayen da duk ƙasa ke alfahari da su bai kamata ya ɗauki nauyin shi kaɗai ba.

Batun tsaro ya ƙara wa maganar nauyi. Mun ga abin da Sambisa ya zama, mun ga Kamuku a Birnin Gwari, mun ga shekarun da matafiya suka yi suna fargabar ratsa Falgore, kuma ƙauyukan Gwana da Duguri su ma sun ɗanɗana hare-haren 'yan bindiga a 'yan shekarun nan. Tungayen da ke warwatse, waɗanda babu wanda ya san adadinsu ko su wane ne mazaunansu, sun fi wuyar karewa, kuma sun fi sauƙin zama mafaka ga wanda bai da niyyar alheri. Rajistar da za ta nuna wa aka ba fili, wa ya ba shi, a ina, za ta amfani jami'in tsaro kamar yadda za ta amfani mai gadin daji.

Sannan ga man fetur na Kolmani, wanda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin haƙarsa a watan Nuwamba na 2022 a kan iyakar Bauchi da Gombe, a cikin wannan ƙaramar hukumar ta Alkaleri. Ko aikin ya yi sauri ko ya yi jinkiri, labarinsa kaɗai ya isa ya sa masu kuɗin birni su fara sayen filaye da yawa, manoman da suka sayar kuma su nausa bakin daji neman madadi, kuma duk hanyar da aka shimfiɗa saboda manyan motoci za ta zo da nata tungayen da masu gawayinta. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka taswirar da nake magana a kanta ta fi amfani yanzu da filayen ke hannun masu su na asali. Kuɗin yin ta ma ba sai an je nesa ba, domin shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a ƙarshen 2021, ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma tsara amfani da ƙasa da farfaɗo da ita na cikin ginshiƙansa. Gwamnan jihar, Sanata Bala Muhammad, ɗan Duguri ne, ya san waɗannan ƙauyukan da sarakunansu fiye da yadda wani rahoto zai sanar da shi. Roƙona gare shi da masarautun yankin shi ne su kira sarakuna da hakiman Pali da Duguri da Gwana da shugaban ƙaramar hukuma da masu kula da dajin su zauna a kan taswira guda, a fara da ƙauyukan da giwaye suka fi addaba, a kuma kammala zagayen farko kafin bazara, lokacin da masu unguwanni ke fita nuna wa baƙi wurin sassabe.